Sabuwar kwamfuta, amma fim na tsinkewa: ina gizo ke saƙa?

Wani abokina ya kira ni bayan sallar isha'i, daga jin muryarsa ka san ransa a ɓace yake. Ya yi watanni yana tara kuɗi, ya haɗa sabuwar kwamfuta fil, ya ajiye ta a lungun falo kusa da rauta domin ta zama rumbun bidiyon gidansa. A ciki ya zuba bidiyon bikinsu, na sunan yara, tafsirin azumi na shekaru da dama, fina-finan da ya saya, da katun ɗin da yara ke kallo. Da uwargida ta kunna fim a wayarta daga ɗaki sai fankar kwamfutar ta hau kuka kamar injin markaɗe. Hoto ya yi daƙiƙa goma ya tsaya, 'yar da'irar nan ta hau juyawa, ya sake tafiya, ya sake tsayawa. Abin da ya fi ƙona masa rai, tsohuwar kwamfutar ofis da ya saya a gwanjo, wadda ya riga ya ba ƙaninsa kyauta, ba ta taɓa yi masa haka ba.

"Malam, wato na zubar da kuɗina ke nan?" in ji shi.

Bai zubar ba, sai dai mun kai kusan sha biyun dare kafin mu kamo bakin zaren. Abin da ya same shi yana samun mutane da yawa, kuma tushensa zato ne guda: cewa raba bidiyo a gida aikin ƙarfi ne, don haka wanda ya fi sabuwar na'ura da tsada shi zai fi jin daɗi. A gaskiya nauyin aikin yana kan wani ɗan lungu ne a cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda yawancin masu saye ba sa ko tambayarsa, kuma lungun nan ba ya motsi sai manhajar da ke kan kwamfutar ta san da zamansa.

Abin da ake kira saba ta gida kwamfuta ce da ba a kashewa. An tara fayiloli a cikinta, an ɗora mata manhajar da ke jera su, ta nemo hoton bangon kowane fim da bayaninsa, ta tuna inda kowa ya tsaya da kallo, sannan ta miƙa wa talabijin ko waya duk abin da aka nema. Manhajoji uku ne suka fi tashe. Plex ta samo asali ne a ƙarshen 2007 daga XBMC, wata manhaja da aka fara rubutawa don na'urar wasan Xbox ta farko, wadda aka sauya wa suna zuwa Kodi a 2014. Sai Emby, wadda da a buɗe take ga kowa, amma a ƙarshen 2018 masu ita suka rufe lambobinta. Wasu daga cikin masu amfani da ita ba su ji daɗi ba, suka ɗauki kwafin ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da gina shi da sunan Jellyfin, kyauta, babu kamfani a kai. Babu ɗaya a cikin ukun da ke zuwa da fim. Abin da ka zuba shi za ka gani. Daga inda ka samo shi kuwa, wannan tsakaninka da amanarka ne, kuma duk wanda ya saurari kukan 'yan Kannywood a kan masu tura fim a shaguna ya san maganar ba ƙarama ba ce.

Idan ka danna fim a waya, ɗayan abubuwa uku ke faruwa. In wayar ta gane fayil ɗin yadda yake, sabar za ta miƙa mata shi kai tsaye ba tare da ta taɓa komai ba. Wannan aiki ne da ko kwamfutar da ta shekara goma sha biyar za ta yi tana gyangyaɗi. In kuma wayar ta gane bidiyon amma ba ta gane mazubin da aka saka shi ba, misali MKV, sai sabar ta juye shi cikin wani mazubin, ko ta sauya sauti kaɗai. Shi ma ba wani nauyi ba ne. Na ukun ne mai wuya: wayar ba ta iya karanta salon da aka matse bidiyon da shi ba, ko hanyar intanet ta yi masa ƙunci. A nan dole sabar ta warware bidiyon gaba ɗaya ta sake matse shi a wani salon, kuma nan take. Kamar tela ne aka kawo masa babbar riga aka ce ya farke ta ya mayar da ita 'yar shara daidai jikin yaro, ga yaron nan tsaye, an kusa tada sallar idi. Wannan shi nake kira sauya zubi, kuma duk rigimar sayen na'ura a kansa take.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Hoton 4K guda yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8. Fim yana nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, ka ga kusan ɗigo miliyan 199 ke nan a kowace daƙiƙa. Da za a ajiye fim na awa biyu haka nan ba matsi, zai haura terabayit 4. Amma ana cusa shi a faifan Blu-ray mai gigabayit 66 ko 100, saboda dabarun matsi da ke ajiye bambancin da ke tsakanin hoto da na bayansa maimakon ajiye kowane hoto cikakke. Salon H.264 ya fito a 2003, kuma har gobe babu wayar da ba ta gane shi. HEVC ya biyo baya a 2013, ya fi matsi sosai amma ya fi wuyar warwarewa. AV1 ya zo a 2018 daga wata haɗaka da Google, Netflix, Amazon, Microsoft, Intel da wasu suka kafa a 2015, musamman don su guje wa kuɗin lasisin da ke kan HEVC. Kowane sabon salo yana rage girman fayil ne ta hanyar ƙara wa na'ura lissafi.

Idan aka bar wa furosesa wannan lissafi ya yi da kawunansa na yau da kullum, zai yi, amma da gumi. Plex da kanta ta ba da ƙiyasi da PassMark, ma'aunin ƙarfin furosesa: sauya zubin bidiyon 1080p guda yana son maki kusan 2,000, na 4K mai HDR, wato faffaɗan haske da launi, kuwa kusan 17,000. Mutum ɗaya ke nan yana kallo. Shi ya sa fankar abokina ta rikice.

A watan Janairun 2011 Intel ta fitar da furosesan Sandy Bridge da wani sashe a ciki mai suna Quick Sync. Ba ya iya komai sai warware bidiyo da matse shi, amma da yake an ƙera wayoyinsa don wannan aiki kaɗai, yana yin sa da wuta 'yar kaɗan. Nvidia tana da irinsa, NVENC, tun 2012, AMD ma tana da nata, haka Apple. Sai dai sashen nan ba ya koyon sabon abu. Salon da aka ƙera shi da shi, shi zai mutu da shi. Don haka tambayar da ta dace a gaban mai shago ita ce wane salon bidiyo injin ciki ya sani, ba kawuna nawa furosesa ke da su ba. A furosesan Intel, tsara ta 6 ta 2015 ta iya HEVC na talaka. Tsara ta 7, Kaby Lake, ita ce ta fara warware HEVC mai zurfin launi 10-bit, wanda kusan duk fina-finan 4K ke amfani da shi. Tsara ta 11 a 2020 ta fara karanta AV1. Matse bidiyo zuwa AV1 kuwa sai da katin hoton Intel mai suna Arc ya fito a 2022, sannan ya shiga cikin furosesan Core Ultra a ƙarshen 2023.

Ɗauki N100, ɗan ƙaramin furosesan da Intel ta fitar a Janairun 2023, wanda ake sakawa a kwamfutocin nan masu girman tafin hannu biyu. Kawunansa huɗu ne, marasa ƙarfi, makinsa a PassMark bai kai 6,000 ba, wutar da aka ƙayyade masa wat 6 ce. Bisa ƙiyasin Plex bai isa ya tunkari 4K ko guda ba. Amma yana ɗauke da injin bidiyo na tsara ta 12, saboda haka yana sauya zubin 4K lami lafiya, kawunan nasa suna hutawa. Furosesan da ya ninka shi kuɗi sau biyar, in babu wannan injin, sai ya tada fanka kafin ya yi abin da shi ya yi a shiru.

Kuma akwai sabbin na'urori da yawa da babu shi. Duk furosesan Intel da sunansa ya ƙare da harafin F, kamar i5-12400F, an kashe masa sashen hoto, Quick Sync ya tafi tare da shi. Masu haɗa kwamfutar wasa suna son sa don ya ɗan fi araha, tunda dama za su sa katin hoto daban. Mai haɗa saba da ya saye shi don ya rage 'yan kuɗi ya sayi wahala. A Janairun 2022 AMD ta fitar da katin RX 6500 XT, sabo dal, amma babu injin matse bidiyo a cikinsa ko kaɗan, alhali katunan da suka girme shi da shekaru suna da shi. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu. Na 4 yana da injin matse H.264. Na 5, wanda ya fito a Oktoban 2023 kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, an cire masa injin. Mutane sun yi ta ɗokin sauya tsohon da sabon, sai suka tarar a wannan aiki guda baya aka ci. Nvidia kuwa injinta mai kyau ne, amma ta daɗe tana ƙayyade yawan bidiyon da katin gida zai matse a lokaci guda: uku ne kafin ta ɗaga zuwa biyar a 2023, sannan takwas a 2024. Ga gida ɗaya wannan ya wadatar, sai dai katin yana shan wuta ko da yana zaune ba aiki.

To, abokina ba a nan ya faɗi ba. Na'urarsa tana da injin, mai kyau ma. Matsalarsa ta fi wannan ɓoyuwa, kuma ita ce ainihin cutar sabuwar kwamfuta.

Yawancin masu saba suna ɗora Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta da ke madadin Windows, kuma da gangan suke zaɓen irin wanda ba ya yawan canzawa, don na'urar da za ta shekara a kunne ba ta son tashin hankali. Amma ƙashin bayan Linux, wato kanel, shi ke ɗauke da direbobin da ke gabatar da kowace na'ura ga tsarin. Kanel da aka rufe rubutunsa kafin a ƙera katinka bai san katin ba. Misalin da ya fi shahara shi ne na Arc. Katunan sun shiga kasuwa a 2022, amma Linux bai karɓe su hannu biyu ba sai a kanel 6.2, a Fabrairun 2023. Debian 12, wani nau'in Linux, ya fito a watan Yunin wannan shekarar, wata huɗu bayan haka, amma da kanel 6.1. Ubuntu 22.04 kuwa, shi ma nau'in Linux ne, da 5.15 ya zo. Duk wanda ya sa sabon kati a kan waɗannan sai da ya nemo sabon kanel da hannunsa. Tarihi ya maimaita kansa da Arc B580 na Disambar 2024: yana son kanel 6.12 da wani sabon direba mai suna xe a madadin tsohon i915, alhali Ubuntu 24.04 ya fito da 6.8, Debian kuma bai kai 6.12 ba sai da na 13 ya fito a Agustan 2025. Tazarar da ke tsakanin ranar da na'ura ta shiga shago da ranar da tsayayyen Linux zai gane ta ba tare da dabara ba takan kai shekara, wani lokaci ta wuce.

Abin takaicin, ba wanda zai gaya maka. Kwamfuta za ta tashi, allo zai nuna rubutu, manhajar za ta buɗe, fim zai fara. Sai dai idan manhajar ta nemi injin ba ta same shi ba, sau da yawa sai ta juya ta ɗora wa furosesa aikin ba tare da ta ce uffan ba. A daren nan na ce wa abokina ya leƙa cikin /dev/dri ya karanto mini abin da ya gani. A lafiyayyar na'ura akwai wani fayil a wurin mai suna renderD128, shi ne ƙofar shiga wajen injin. Ya yi shiru, ina jin ƙarar madannai, can ya ce, "Babu wani abu mai kama da haka." Muka ɗora sabon kanel, ya kashe ya kunna, fayil ɗin ya bayyana. Ya buga umarnin vainfo, jerin salon bidiyon da injin ya sani suka zubo a allo, H.264, HEVC, AV1. Ya yi hamdala, ya kira uwargida ta sake gwadawa. Fanka ta sake hawa kuka.

Saura ƙofa biyu ashe. Mutane da yawa suna gudanar da irin wannan manhaja a cikin akwati, irin na Docker, wanda ke killace ta daga sauran kwamfutar. Killacewar nan tana da amfani, amma manhajar da ke ciki ba ta ganin wata na'ura sai wadda aka miƙa mata da suna. Abokina bai miƙa /dev/dri ba. Da ya miƙa kuma, asusun da manhajar ke aiki da shi ba ya cikin rukunin da aka yarje wa taɓa fayil ɗin. Layi biyu ne kacal a takardar saiti. Da ya gyara su, ya sake kunna fim ɗin, sai na ji ɗakin ya yi tsit ta cikin waya.

Ko an wuce wannan, akwai batun kuɗi. A Plex, amfani da injin bidiyo na masu biyan Plex Pass ne kawai. Wanda ke kan na kyauta, ko da ya sayi katin da ya fi kowane, furosesa ne zai yi ta dakon aikin. A ƙarshen Afrilun 2025 kamfanin ya ɗaga kuɗin biya sau ɗaya daga dala 119.99 zuwa 249.99, ya kuma sa kallon bidiyonka daga wajen gida ya zama na kuɗi. Emby ma sai an biya. Jellyfin kyauta take ba da duka, shi ya sa mutane da dama suka koma can, ko da yake manhajarta a wasu talabijin ba ta kai ta Plex laushi ba. Dukkansu a ƙarƙashi da FFmpeg suke aiki, manhajar sarrafa bidiyo da Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kuma kowacce tana tafe da nata kwafin. Wannan ma wani mataki ne da sabuwar na'ura ke jira: kanel ya gane ta, direba ya gane ta, sannan kwafin FFmpeg da ke cikin manhajarka shi ma ya gane ta.

Abubuwa biyu suna yawan kayar da saba ko da komai ya zauna daidai. Na farko HDR. Fim ɗin da aka yi da faffaɗan haske da launi, idan aka sauya masa zubi don allon da bai san HDR ba, sai ya fito fari-fari, kamar atamfar da ta sha wanki da rana. Sai an yi wani ƙarin lissafi an daidaita launukan, kuma wannan ba aikin injin matsi kaɗai ba ne, yana taɓa sauran sashen hoto. A nan sababbin tsararraki suka yi wa tsofaffi fintinkau da gaske, wannan kam ba talla ba ce. Na biyu rubutun fassara na ƙasan allo. Irin na SRT rubutu ne zalla, waya ce ke ɗora shi da kanta. Amma na faifan Blu-ray, PGS, hotuna ne. In na'urar kallo ba ta iya nuna su ba, dole saba ta ƙona su a jikin kowane hoto, wato fim ɗin da yake tafiya kai tsaye salin alin ya koma sauya zubi cikakke don kawai wani ya kunna fassara. Na sha ganin mutum yana zargin intanet, alhali rimot ɗin hannunsa ne ya jawo.

Maganar AV1 kuwa ina ganin an cika zuzuta ta ga mai saba ta gida. Iya karanta shi yana da amfani, domin fayilolinsa suna ƙaruwa. Amma biyan ƙarin kuɗi don injin da ke matsewa zuwa AV1 sai in wayoyi da talabijin ɗin gidanka suna iya karanta shi, kuma dalilin sauya zubi tun farko shi ne na'urar kallo ta tsufa. Tsohuwar wayar da ta kasa HEVC ba za ta iya AV1 ba.

Inda sabuwar na'ura ta fi cancantar kuɗinta a wurinmu shi ne wuta. Wanda ke zaune a Jamus zai yi lissafin kuɗin wata, mu kuwa har da lissafin batir. Na'urar da ke shan wat 100 dare da rana tana cin yunit 876 a shekara. Mai shan wat 10 tana cin 87.6. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan Band A a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi, kuɗin shekara shi ne naira 197,100 ga ta farko, naira 19,710 ga ta biyu. Ga mai sola abin ya fi fitowa fili. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in za ka kiyaye lafiyarsa ka sha rabinsa kawai, wat 1,200 na awa guda ke gare ka. Babbar kwamfuta mai wat 100 za ta lashe shi tas a awa 12, ba fanka, ba fitila, ba cajin waya. 'Yar ƙaramar kuwa kashi ɗaya cikin goma za ta taɓa. Ƙara da zafin bazara da ƙurar hunturu: na'urar da ba ta ɗaukar zafi ba ta zuƙar iska da yawa, ba ta tara ƙura da yawa. Akwai kuma darasin manyan furosesan Intel na tsara ta 13 da ta 14, waɗanda kamfanin ya amsa a 2024 cewa wutar da ke shigarsu ta yi yawa har tana lalata su a hankali, ya fitar da gyara, ya ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Masu jan wuta da yawa abin ya shafa, irin waɗanda saba ba ta buƙata tun asali.

A ɗaya gefen, kasuwar gwanjo ta samu garaɓasa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga tsara ta 8 yake farawa. Ofisoshi a Turai da Amurka suna ta fitar da ƙananan kwamfutocin OptiPlex, EliteDesk da ThinkCentre masu tsara ta 7, kuma irinsu ne ke ƙarewa a shagunanmu. Ga Windows sun tsufa. Ga Linux da Jellyfin kuwa suna kan ganiyarsu: suna karanta HEVC 10-bit, direbobinsu sun nuna tun shekaru, babu kanel da bai san su ba. Irin wannan ce abokina ya bayar kyauta.

Faifan ajiya ba zan daɗe a kai ba. Tsarin da manhaja su zauna a SSD, faifai mai sauri marar juyawa, bidiyo a faifai mai juyawa, tunda ko fim ɗin 4K mafi nauyi bai wuce megabit 128 a daƙiƙa ba, wayar gigabit ta gida kuwa 1,000 take ɗauka. A kula da nau'in SMR, wanda ke jan ƙafa idan ana rubutu mai yawa; a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano Western Digital ta sa shi a wasu faifan Red ba tare da ta bayyana ba. Kuma faifai biyu masu kwafin juna a cikin akwati ɗaya ba su ne ajiya ba, domin tsawa ɗaya ko wutar da ta dawo da ƙarfi za ta tafi da su tare. Fim ana sake samunsa. Bidiyon ɗaurin auren da kaka take ciki a raye, a ajiye kwafinsa a wani gidan.

Kallo daga wajen gida shi ne wurin da sauya zubi ke zama dole, kuma a nan ƙarfin na'ura ba ya maganin komai shi kaɗai. Abin da ke aiki shi ne gudun turawa daga gidanka, ba na saukewa da kamfanoni ke tallatawa ba. Fim na awa biyu a megabit 8 gigabayit 7.2 ne, kuma sau biyu ake biyan datarsa, a gida da a hannun mai kallo. In aka matse shi zuwa megabit 2 ya koma 1.8. Sannan layukan waya, da ma Starlink da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, galibi suna cusa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, ta yadda ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar gidanka daga waje. Shi ya sa ake bi ta manhajar Tailscale, ta haɗa wayarka da sabar kamar suna ɗaki ɗaya. Na fi son wannan hanya ko da akwai wata, domin buɗe ƙofar saba ga duk duniya gayyatar ɓarayi ce.

Ra'ayina, in mutum yana da kuɗin abu ɗaya tak, ya fara duba abin da ke maƙale a bayan talabijin ɗinsa kafin ya duba saba. Ɗan akwatin kallo da ke karanta HEVC, HDR da PGS da kansa yana mayar da kusan kowane fim zuwa miƙawa kai tsaye, sai sabar ta koma mai ɗauko fayil kawai. In kuma dole sai an sayi saba, na fi natsuwa da na'urar da ta shekara ɗaya ko biyu a kasuwa, wadda wasu suka riga suka sha wahalar direbobinta suka rubuta yadda aka yi. Sabuwa fil tana da ranarta ga mai son HDR a wayoyi biyar lokaci guda, matuƙar ya yarda zai riƙa bin sabon kanel yana kwana a gaban baƙin allo.

Da na je gidan abokin nawa bayan mako biyu, kwamfutar tana lungunta shiru, yara suna kallon katun, shi kuma yana zaune da takarda yana lissafin abin da take ci a batir cikin dare. Inbatarsa ta fara ƙara tun kafin asuba, abin da ba ta yi a da. A gabana ya kira ƙanin nasa ya ce ko za su yi musaya, ya ba shi sabuwar ya riƙa buga wasanninsa, shi kuma ya dawo masa da 'yar tsohuwar. Yaron ya amince tun kafin yayan ya rufe baki, har yana tambaya ko ya taho da ita yanzu a kan babur.